Ƙwan Kaka da Sabuwar Kwamfuta

"Kambun baka ne," in ji kakata, tana goga ɗanyen ƙwai a bayan sabuwar kwamfutata, kamar yadda take yi wa jariran unguwarmu a garin Oaxaca na ƙasar Meziko idan sun ƙi barci.

"Kaka, tarkacen manhajojin da kamfani ya cusa mata ne suka danne ta. Ga shi gobe a kanta zan rubuta jarrabawar shiga jami'a."

"To, uwar iyayi, yi naki, in yi nawa."

Na soka filashi, na share komai, na ɗora mata babbar manhaja sabuwa fil. Kaka kuma ta fasa ƙwan cikin kofin ruwa. Kwamfuta ta tashi garau, sai gudu kamar an kwance akuya.

"Ga su nan, duk sun fito," in ji Kaka, tana nuna kumfar da ta taso a kofin.

Na ci jarrabawa, labari ya zaga unguwa. Yanzu maƙwabta layi suke yi da kwamfutocinsu wajen Kaka, ni kuma ina bayan labule da filashi. Dokarta ita ce kowa ya zo da ƙwai biyu: ɗaya na magani, ɗaya na kumallon 'yar jami'a.