Daddawar Tabawa a Ƙofar Kasuwa

Tun da aka kafa dokar haske, abinci ba ya shiga kasuwa sai na'ura ta haska shi ta karanta rawar ƙwayoyinsa.

Sallau mai tsaron ƙofa ya haska daddawar Tabawa, ya girgiza kai.

"Inna, rawarta ta saɓa da ta kamfani. Na'ura ta ce wannan ba daddawa ba ce."

"Shekara arba'in ina dafa kalwa. Na'urar taka hanci gare ta?"

Matan layi suka kau da kai, don an daina shinshina kaya tuntuni.

Sallau ya rage murya. "Ki ɗan ajiye mini. Maiɗakina ba ta miya da ta kamfani."

Tabawa ta aza ƙwaryarta a ka.

"Kai mata hasken ta kaɗa miyar da shi."