Babbar Rigar Mai Unguwa a Kwalbati

"Ledojin alalenki ne suka toshe ta!"

"Malam tela, ka ji tsoron Allah! Ni a gwangwani nake dafa alalena."

Yauwa Kawu, ajiye kwandon sharar nan tukuna, hadarin ba gudu zai yi ba, ka ji yadda wannan rigima ta ƙare.

A wata unguwa aka yi wata ƙatuwar kwalbati da ta ratsa ta ƙarƙashin titi, mai faɗin da babban mutum zai shige a sunkuye, ita ke kwashe ruwan sama ta kai rafi. A bakinta akwai shagon tela da rumfar mai alale. Shi telan nan, da ya ga gabas ta yi baƙi sai ya ɗaga murfin siminti ya juye buhun tsummokara, ya karkaɗe hannu yana cewa ruwa ma ai ɗan aike ne. Ran nan ɗan aike ya ƙi zuwa. Ruwa ya dawo da baya, ya shiga gidaje, tukwane na iyo, akuya ta hau kan gado. Mai unguwa ya rantse duk wanda ya toshe ta sai ya bar layin. Tela ya tura hula gaba, ya riga kowa nuna rumfar baiwar Allah, wadda da ita take ciyar da 'ya'ya huɗu.

Da ruwa ya janye, masu yasar kwata suka shiga da tocila da ƙugiya. Suka yi ta jawowa: ƙyallen atamfa, guntun leshi, hannun riga. Mata suka kewaye, wannan ta ce ga ankon bikin ƙanwata, waccan ta ce ga zanen sunana. Leda ko ɗaya babu. Can sai ga wata babbar riga ta shadda, da tambarin dutsen guga inda ya ƙone ta a ƙirji. Mai unguwa ya gyara tabarau. Tasa ce, wadda tela ya zo har gida bara, yana sharar ƙwalla, ya ce ɓarawo ya ɗauke.

Tela ya leƙa ramin, ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, ashe ta nan ɓarawon ya bi. Dubi rashin imani, har guga ya tsaya yi mata!"

Mai alale dai ta koma ta hura wutarta. Dama Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.