Hular soja a kan Ja-Hadari

Mushe Hamani, malamin ajinmu, shi ne ya kashe mini Ja-Hadari, kuma da jan alƙalamin bik ya kashe shi.

Ja-Hadari jarumi ne da nake zanawa a bayan kaye, littafin lissafina, shekarar fari, zamanin mulkin soja, ina lakwal, makarantar boko, a Talladje. Yakan tashi sama ya ɗaure gajimare da igiya ya jawo. Duk Litinin 'yan aji na jiran ci gaba. A zanen wannan makon ya naushi ƙofar mangazar hatsi ta gwamnati ta faɗi, waɗanda yunwa ta koro daga ƙauye suna kwasar gero.

Da la'asar Mushe ya tsayar da ni bayan an tashi. Na jira bulala, ba ta zo ba. Ya leƙa taga, ya rufe, ya zauna yana zana wa jarumina hular soja da galon muƙami a kafaɗa. Ya mayar da ƙofar har da kwaɗo.

"Yanzu ya gyaru," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Gadi yake yi. Duk wanda ya tambaya, haka ka zana shi tun farko. Ka ji ko, ɗan tela?"

Ban ƙara zana komai ba, lakwal ɗin ma na bari. Na haura hamsin, har yau ban gane ko cetona ya yi ko cutata ba. Abin da na ce masa kawai nake riƙe da shi:

"Mushe, to in shi ne mai gadi, wa zai buɗe musu?"