Inda Rana Ke Fitowa Daga Yamma

Shekarar da fari ya ƙone mana gero a Wagini, manya na ta cewa duniya ta zo ƙarshe. Gab da magariba malaminmu na firamare ya nuna mini tauraruwa Zara. Ya ce ita ma ƙasa ce da duwatsu, amma a baibai take juyawa, rana daga yamma take fito mata.

Na juya gare shi. "Malam, an rufe musu ƙofar tuba ke nan?"

"Ba kowa a can, 'yata. Zafinta har dalma yake narkarwa. Haka Allah ya juya ta tun farko."

Na kasa ɗauke ido. Abin da muke jira da tsoro, a can wayewar gari ne kawai. Har yau, bayan asuba, sai na leƙa gabas hankalina ke kwanciya.