Koren Murfin Motar Baba

Ranar da Baba ya je wajen masu tsofaffin kayan mota na Wudil neman murfin injin bas ɗinsa, da ni da ƙanena Sani ya tafi. Guda biyu ne suka zauna daidai: fari irin motar, da wani kore mai warin baƙin mai.

Na ce, "Baba, farin."

Ko kallona bai yi ba. Ya saɓa Sani, ya ce, "Mai motar gobe, zaɓa mana."

Sani ya nuna koren. Ni ce mai wanke motar nan kullum, amma har ta mutu "Koren Sani" 'yan tasha suke kiranta.

Yanzu har na aurar da 'ya, amma in mota mai murfi daban ta wuce ni a gada, sai na kau da kai.