Madambacin da Aka Kife

Ajiye wayar nan ka saurare ni, ba na maimaita magana.

An yi wani dattijo mai zagayawa da baƙi a gidan adana kayan tarihi. Shekara ashirin yana tsakanin tuluna da randuna, baƙinsa ba su wuce 'yan makaranta da Turawa ba. Da annoba ta zo aka garƙame ƙofa, wuri ya yi tsit. Shugabar gidan ta ce masa in ba mai kallo, ɗakin tukwane rufe shi za a yi, shi kuma ya koma gida. Ta miƙa masa waya, wai tunda mutane ba za su zo ba, ya kai musu tukwanen ta bidiyo. Ya karɓa kamar an ba shi garwashi. Ranar farko hancinsa kaɗai ya ɗauka a bidiyon. Rana ta uku ya tsaya gaban wata tukunya mai huji-huji a ka, ya gyara zaman hula, ya karanto abin da 'yan boko suka rubuta a jikinta: wai kaskon turaren mutanen da ne, ta hujin hayaƙi ke fita. Ya tura wa duniya.

Kafin la'asar sai ga saƙon muryar wata tsohuwa daga can wani ƙauye: "Kai Malam, ji tsoron Allah! Madambaci ne ka kife. Juya shi, ka ɗora a bakin tukunya, ka zuba tsaki da zogale!" Shekara ashirin yana yi wa jama'a bayanin gindin tukunya! Amma dattijon kirki ne, bai ɓoye ba. Ya kunna waya, ya juya abin a gaban kowa, ya ce, "Iya, ƙara mini." Ai kuwa kamar an fasa rumbu! Matan da ko hanyar gidan ba su sani ba suka yi ta turo murya, wannan ta gane ginin tukwanen garinsu, waccan ta ce zanen wuyan randar nan hannun kakarta ne, har da masu faɗa kan wa ya fi iya dambu. Shi kuwa yana gudu daga tukunya zuwa tukunya, yana yage takardun bayani yana sake rubutu, yana dariya shi kaɗai. Shugaba ba ta ƙara tayar da zancen rufe ɗaki ba, sai ma wata wayar da ta ƙaro masa.

Da ƙofar nan a buɗe take, da har yau madambaci na kife. Shi ya sa Hausawa suka ce wani hani ga Allah baiwa ne.