Jan Biro

Wani mutum na cikin adaidaita sahu daga Tarauni, sai wata mata ta maimaita maganar da ta ji a sabon fim ɗin da abokinsa ya rubuta: "Mafarki da farkawa uwarsu ɗaya, ku saurari kalmomin!"

Direba ya ce, "Wallahi Hajiya, marubucin nan akwai basira."

Kishi ya kama mutumin, don shi ma marubuci ne. Shekara shida yana rubuta labarin mafarki cike da falsafa, furodusoshi na cewa ba wanda zai gane.

Yana isa gida a Gyadi-Gyadi, ya zaro rubutun da suka fara tare da abokin, don ya kama ɓarawo. Maganar kuwa tasa ce. Amma shi da kansa ya soke ta da jan biro tun a lokacin, ya rubuta a gefe: "Zancen 'yan tasha. Ɗauka in kana so."